Yawan ambato ba shi ne gaskiyar bincike ba: yadda ake auna aikin Rob Knight a ilimin ƙwayoyin hanji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin ƙananan halittu, aikina kuma a kan bakteriyar hanjin yara ne. Na duba Google Scholar na ga an ambaci ayyukan Farfesa Rob Knight sau dubu ɗari-ɗari. Ta yaya mutum ɗaya ke tara wannan adadi? Shin hakan na nufin ya fi kowa a fannin, kuma duk abin da sunansa ke kai zan iya dogara da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. Allah ya ba da sa'ar karatu. Adadin da kika gani gaskiya ne, kuma mutumin ya yi aiki babba wanda duk mai nazarin ƙwayoyin hanji a yau yake cin moriyarsa, ni ma ina ciki. Amma yawan ambato abu ɗaya yake nunawa: mutum nawa ne suka taɓa wannan aiki a nasu rubutun. Ba ya faɗin ko aikin daidai ne, ba ya faɗin dalilin da ya sa aka ambace shi, ba ya kuma faɗin wanda ya zauna ya yi shi da hannunsa. Waɗannan sai kin buɗe maƙalun ɗaya bayan ɗaya kin karanta.

Bari mu fara da mutumin. Rob Knight ɗan ƙasar Niyuzilan ne, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Princeton ya gama a 2001, ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Colorado da ke Boulder, sannan a 2015 ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego. Idan kika jera maƙalunsa daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa, za ki ga waɗanda ke can sama yawancinsu ba labarin wata sabuwar ƙwaya ko wata cuta suke bayarwa ba. Kayan aiki ne. Wannan shi ne mabuɗin tambayarki ta farko.

A 2005 shi da ɗalibarsa Catherine Lozupone suka fitar da wani ma'auni mai suna UniFrac. Matsalar da ya warware ita ce: idan kina da bayan gidan yara biyu, kowanne da ɗaruruwan ire-iren bakteriya, ta yaya za ki ce wannan ya yi kama da wancan, ko ya yi nesa da shi? Ƙirga sunaye kawai ba ya isa, domin wasu bakteriyar 'yan gida ɗaya ne, wasu kuma nisan da ke tsakaninsu ya fi na mutum da naman kaza. UniFrac sai ya ɗora duka a kan bishiyar dangantaka, ya auna yawan rassan da samfuran biyu ba su yi tarayya a kai ba. A 2010 kuma aka fitar da manhajar QIIME a mujallar Nature Methods, Greg Caporaso ne sunan farko, Knight ne na ƙarshe. Aikinta shi ne ta karɓi miliyoyin guntayen DNA da na'ura ta karanto daga sashen gado da ake kira 16S, ta tsaftace su, ta rarraba su gida-gida, ta ce wannan wace bakteriya ce kuma nawa take. Wannan maƙala kaɗai an ambace ta fiye da sau 30,000.

Ki ɗauke ta kamar injin niƙa ɗaya tilo a unguwa. Mai gero zai kawo, mai dawa zai kawo, mai masara zai kawo. Layin da ke bakin injin shaida ce cewa kowa na buƙatarsa kuma yana aiki, amma ba ya gaya miki tuwon gidan wa ya yi daɗi. Wanda ya yi nazarin hanjin ɓera da QIIME ya ambace ta, haka wanda ya yi na ƙasar gona, da na ruwan teku, da na cikin saniya, da na miyan baki. Wanda ya yi aiki mai kyau ya ambace ta, wanda ya yi aikin banza shi ma ya ambace ta. Lokacin fitowarta ma ya taimaka ƙwarai, domin a shekarun ne farashin karanta DNA ya faɗi warwas, dubban ɗakunan gwaji suka sami bayanai masu yawa a hannu ba su san yadda za su yi da su ba, ga kuma manhaja kyauta.

Wannan ba a kan Knight aka fara ba. A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihin kimiyya. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, kan hanyar auna yawan furotin a cikin ruwa, da ambato sama da 300,000. Manhajojin bayo'infomatiks, wato nazarin bayanan halittu da kwamfuta, irin su BLAST da ClustalW suna cikin 20 na farko. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ba ta ma shiga jerin ba. Babu mai hankalin da zai ce auna furotin ya fi gano siffar DNA girma. Abin da ya faru shi ne, ilimin da ya zama na kowa sai a daina ambaton asalinsa, hanyar aiki kuwa dole a ambace ta duk lokacin da aka bi ta. Saboda haka a fanninmu masu ƙera manhaja kullum suna sama: Patrick Schloss da mothur ta 2009, Nicola Segata da Curtis Huttenhower da LEfSe ta 2011 da MetaPhlAn ta 2012, Benjamin Callahan da abokan aikinsa da DADA2 ta 2016. Ba na faɗin haka don in rage musu daraja. Manhaja mai kyau tana buɗe tambayoyin da a da ba a iya yi. Abin da nake so ki gane shi ne ambaton kayan aiki da ambaton abin da aka gano ba mudu ɗaya ake auna su da shi ba.

Dalili na biyu shi ne aikin gayya. Binciken ƙwayoyin jiki ya girma ne ta manyan shirye-shirye. Shirin da Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka ta ƙaddamar a 2007 ya fitar da babban sakamakonsa a 2012, a kan manya masu lafiya 242, da marubuta ɗaruruwa. A Turai shirin MetaHIT ya fitar da kundin gado miliyan 3.3 na ƙwayoyin hanji a 2010, daga mutum 124. Knight kansa yana cikin waɗanda suka kafa shirin tattara ƙwayoyin doron ƙasa a 2010 da shirin American Gut a 2012. Maƙalar QIIME 2 ta 2019 marubutanta sun haura 100. Ma'ajiyar bayanai irin Google Scholar ko Scopus ba ta raba ambato kamar yadda ake raba gado. Idan an ambaci maƙala sau 10,000, kowane ɗaya daga cikin marubuta ɗarin nan 10,000 cif za a rubuta masa. Don haka ki riƙa duba inda sunan mutum yake. A al'adar ilimin halittu, na farko shi ne yawanci ya yi aikin da hannunsa, na ƙarshe shi ne shugaban ɗakin gwajin da ya tsara aikin ya nemo kuɗinsa, na tsakiya kuwa zai iya zama wanda ya yi wata shida yana nazarin bayanan, zai kuma iya zama wanda ya ba da samfuri biyar kawai.

Ma'aunin h da ake gani a gefen shafin masani a Google Scholar, masanin fiziks Jorge Hirsch ne ya kawo shi a 2005, kuma shi ma a jami'ar San Diego ɗin yake. Ma'anarsa mai sauƙi ce: idan h ɗin mutum 50 ne, yana da maƙalu 50 da kowacce aka ambata aƙalla sau 50. Yana hana maƙala ɗaya mai farin jini ta ɗaga mutum ita kaɗai, wannan amfaninsa ne. Amma ba ya taɓa sauka, yana ƙaruwa da shekarun aiki da girman tawaga, kuma kwatanta h ɗin masanin ƙwayoyin hanji da na masanin lissafi zalunci ne, domin yawan masu rubutu a fannonin biyu ba ɗaya ba ne. Ko lambar mutum ɗaya ma tana bambanta: Google Scholar na ƙirga kundayen digiri da rubuce-rubucen da ba a tace ba, shi ya sa adadinta kan fi na Scopus da Web of Science.

Yanzu ga tambayarki ta ƙarshe, wadda ta fi muhimmanci. A'a, ba duk abin da sunansa ke kai za ki dogara da shi ido rufe ba, kuma haka yake ga kowane masani. A 2020 tawagar Knight ta buga maƙala a Nature, Gregory Poore ne sunan farko. Sun ɗauki bayanan DNA na samfura sama da 18,000 daga ire-iren kansa 33, suka tace guntayen da ba na mutum ba, suka koya wa kwamfuta ta gane kowace kansa daga ƙwayoyin da ke tare da ita. Sakamakon ya yi kyau ƙwarai, aka ambaci maƙalar sau ɗaruruwa, wasu suka gina nasu binciken a kan bayananta. A 2023 Abraham Gihawi da Steven Salzberg da wasu suka sake nazarin bayanan suka buga a mujallar mBio. Kurakurai biyu suka nuna. Na farko, miliyoyin guntayen DNA na mutum an ƙirga su a matsayin na bakteriya, saboda ma'ajiyar da aka kwatanta da ita tana da gurɓataccen DNA na mutum a ciki. Na biyu, hanyar da aka bi wajen daidaita lambobi ta bar wa kowace kansa wata alama ta ƙarya, har inda asalin ƙirgar sifiri ce, sai kwamfuta ta koyi alamar ba ƙwayoyin ba. A watan Yuni na 2024 aka janye maƙalar. Adalci ne in faɗa miki cewa marubutan sun sake nazari sun ce har yanzu suna ganin alaƙa tsakanin ƙwayoyi da nau'in kansa, kuma muhawarar ba ta ƙare ba. Amma ki lura da wannan: ambaton da maƙalar ta tara kafin janyewa yana nan a lissafi, kuma duk wanda ya rubuta don ya soke ta, shi ma ya ƙara mata ɗaya.

Wannan labari yana ba ni tsoro fiye da yadda yake ba ni mamaki, domin kuskuren na bayo'infomatiks ne tsantsa, kuma ya faru a ɗakin gwajin da ya fi yawancinmu ƙwarewa. Idan zai faru a can, to zai faru a kwamfutata da taki. Samfurin da ƙwayoyinsa kaɗan ne, kamar jini ko ƙari ko mahaifa, shi ya fi haɗari, domin DNA ɗin da ke cikin sinadaran gwaji kansu zai iya rinjayar na samfurin. Haka aka yi da batun mabiyiya: a 2014 aka ce tana da nata ƙwayoyin, aka yi ta ambato, sai a 2019 wani babban nazari a Ingila ya nuna kusan duk abin da ake gani gurɓata ne. Bayan gida yana cike da bakteriya, don haka ke kina da sauƙi ta wannan fuskar, amma kada ki taɓa gudanar da gwaji ba tare da kwalbar da babu samfuri a cikinta ba, wadda za ta bi duk matakan da sauran suka bi.

Akwai kuma abin da ake ambata don kowa na ambatonsa. Kin san maganar nan cewa bakteriyar jikin mutum ta ninka ƙwayoyin halittar jikinsa sau goma. Asalinta wani kiyasi ne na Thomas Luckey a 1972, aka yi ta kwafa shekara arba'in. A 2016 Ron Sender da Shai Fuchs da Ron Milo suka zauna suka ƙirga da kyau, suka sami kusan tiriliyan 38 na bakteriya da tiriliyan 30 na ƙwayoyin halittar mutum, wato kusan ɗaya da ɗaya. Har yau ina ganin “sau goma” a gabatarwar kundayen ɗalibai. Haka batun cewa masu ƙiba suna da bakteriyar rukunin Firmicutes da yawa da ta rukunin Bacteroidetes kaɗan a hanjinsu: binciken 2006 da ya yaɗa shi a kan mutum 12 aka yi, kuma da Marc Sze da Patrick Schloss suka haɗa bincike 10 a 2016, alaƙar da suka samu tsakanin ƙiba da ƙwayoyin hanji mai rauni ce ƙwarai. Idan za ki saka jimla a kundinki, ki bi ta har gidan da ta fito.

To da me ake auna masani in ba da lamba ba? Ni tambayoyin da nake yi su ne: wasu da ba sa tare da shi sun maimaita abin da ya samu? Ya saki bayanansa da manhajarsa don a bincike shi? Aikin ya wuce “mun ga alaƙa” ya kai “mun nuna sanadi”? Ya canza abin da ake yi wa marar lafiya? A tambaya ta biyu Knight ya yi fice sosai. Manhajojinsa a buɗe suke, kuma wannan al'ada ta buɗe bayanai ce ta ba masu suka damar gano kuskuren 2020.

A tambaya ta uku da ta huɗu kuwa, tunda aikinki a kan yara ne, sunan da ya kamata ki bi shi ne Jeffrey Gordon na Jami'ar Washington da ke St. Louis, wanda Knight ya yi aiki da shi a maƙalu da dama. Ki karanta ayyukansa a jere za ki ga yadda ake gina hujja. A 2006 tawagarsa ta nuna cewa idan aka ɗauki ƙwayoyin hanjin ɓera mai ƙiba aka sa wa ɓeran da aka rena ba tare da ko bakteriya ɗaya a jikinsa ba, yakan tara kitse fiye da wanda aka sa wa na siririn ɓera. A 2013 suka bi tagwaye 317 (wato biyu-biyu sau 317) a Malawi, inda a wasu gidajen ɗaya ya kamu da tamowa mai kumburi ɗaya bai kamu ba. Da aka sa wa ɓeraye ƙwayoyin mai tamowar aka kuma ba su abinci irin na yankin, sai suka rame. A 2014 a Bangaladash suka nuna cewa ƙwayoyin hanjin yaro mai tamowa ba sa balaga daidai da shekarunsa, kuma abincin jinya da aka saba bayarwa ba ya gyara hakan gaba ɗaya. Daga nan suka nemi abincin da zai ciyar da ƙwayoyin da suka yi ƙaranci, suka haɗa garin gyaɗa da waken suya da ɗanyar ayaba da wani irin wake da ake ci a can. A 2021, tare da Tahmeed Ahmed na cibiyar binciken gudawa da ke Dhaka, suka buga gwajin da aka yi da yara 123 masu wata 12 zuwa 18. Waɗanda suka ci sabon haɗin na wata uku sun fi ƙara nauyi gwargwadon tsayinsu, duk da cewa kuzarin da ke cikinsa bai kai na abincin da aka kwatanta da shi ba. Wannan maƙala ba za ta taɓa kamo QIIME a yawan ambato ba. Amma shekara goma sha biyar aka yi daga ɓera zuwa cokalin da aka sa a bakin yaro, kuma ga wanda ya taɓa shiga ɗakin jinyar tamowa a Katsina ko Maraɗi, ba sai an yi masa bayanin nauyinta ba.

Akwai wani abu da lambobin nan ke ɓoyewa wanda ya shafe ki kai tsaye. A 2022 Richard Abdill da abokan aikinsa suka duba asalin samfuran ƙwayoyin jikin mutum da ke ma'ajiyar duniya. Sama da kashi 71 cikin ɗari na waɗanda aka san asalinsu daga Turai da Amurka da Kanada suke, Amurka kaɗai tana da kusan kashi 47, alhali mutanenta ba su kai kashi 5 na al'ummar duniya ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce, abin da maƙalun da aka fi ambata suke kira “lafiyayyen hanji” yawanci hanjin mai cin abincin Turawa ne, kuma ma'ajiyar da manhaja ke kwatanta guntayenki da ita ta fi sanin ƙwayoyinsu fiye da namu. Za ki ga kaso na bayananki ya fito babu suna. Kada ki share shi, wataƙila nan ne sabon abin yake.

Maƙalu biyu zan ce ki fara da su kafin ki koma kan manyan sunaye. Ta farko ita ce ta Carlotta De Filippo da abokan aikinta ta 2010, wadda ta kwatanta yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da yaran Florence a Italiya. Abincin yaran Boulpon gero ne da dawa da wake da ganye, kusan abin da ke tukunyar ƙauyukanmu, kuma an sami Prevotella da yawa a hanjinsu, wato bakteriyar da ke narka harzar hatsi, da kuma ƙarin sinadaran kitse masu gajeren jiki waɗanda ke ciyar da bangon hanji. Yaran kaɗan ne, 14 da 15, don haka ki karanta ta a matsayin mafari. Ta biyu daga Nijar take. A gwajin MORDOR da aka buga a 2018, raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin azitiromaisin sau biyu a shekara ya rage mace-mace da kusan kashi 18 cikin ɗari a yankin Dosso. Thuy Doan da abokan aikinta suka bi hanjin yaran suka buga a 2019: wasu ire-iren bakteriyar Campylobacter sun ragu, amma gadon da ke sa bakteriya ta bijire wa wannan rukunin magani ya ƙaru. Nan ne za ki ga binciken ƙwayoyin hanji yana shiga shawarar da hukumomin lafiya za su yanke a kan yaran da ke magana da harshenmu da na maƙwabtanmu.

Game da kundinki, ki yi amfani da QIIME 2 ba tare da fargaba ba, kayan aiki ne mai kyau kuma ana kula da shi. Ki rubuta lambar fitowar da kika yi aiki da ita, da ma'ajiyar da kika kwatanta da ita, ko SILVA ko Greengenes, da tata lambar, domin sunayen bakteriya suna canzawa daga fitowa zuwa fitowa. Ki ambaci DADA2 da sunanta idan da ita kika tace guntayen, don masu ita ma su sami haƙƙinsu. Ga kowane yaro ki rubuta shekarunsa, ko yana shan nono ko an yaye shi, abin da ya ci, maganin da ya sha a watannin baya, da tsawon lokacin da samfurin ya yi kafin ya shiga sanyi, domin a zafin ƙasarmu awa kaɗan ma suna canza abin da za ki gani. Idan kin gama, ki saka ɗanyen bayananki a SRA, ma'ajiyar bayanan DNA da ke buɗe ga kowa, tare da waɗannan bayanai, bayan kin cire duk abin da zai sa a gane yaron ko gidansu.